Daga Sahun Tafi Zuwa Gaban Alƙalai: Yadda Ake Horar da Abokan Rawar Mizmar

A mizmar, rawar sanda ta mutanen Hijaz da ke yammacin Saudiyya, mutum biyu ne suke fita tsakiyar fili. Sauran jama'a, ko su 15 ne ko 100, suna tsaye sahu biyu suna fuskantar juna, wannan sahu ya ɗauko waƙa wancan ya amsa, ga tafi ga ganguna, amma idon kowa yana kan biyun nan da sandunan da suke juyawa. In sun gama, wasu biyu su karɓa. Haka ake yin sa a Makka da Jidda da Madina da Yanbu, kuma a kan wannan siffa hukumar UNESCO ta shigar da shi jerin al'adun da duniya ta gada a 2016, shekara guda bayan arda, rawar takobi ta mutanen Najad. Duk Bahaushen da ya tashi a unguwannin Makka irin su Misfala ko Jarwal ko Shari' Mansur ya san mu ba baƙi ba ne a wannan fili.

Abin da ya sauya shi ne wurin wasan. Da, a bikin aure da daren Salla yaro yake koya: ya tsaya bayan manya yana kallo har ranar da wani kawunsa zai miƙa masa sanda. Yanzu ga dandamali, ga fitilu, ga mai riƙe da agogo. Ƙungiyoyin gargajiya suna fita a bukukuwan tsohon garin Jidda, da Ranar Ƙasa ta 23 ga Satumba, da Ranar Kafuwa ta 22 ga Fabrairu, kuma tun 2020 akwai hukuma ta musamman a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu mai kula da wasan kwaikwayo da wasannin dandamali. Inda duk aka kafa dandamali kuwa akwai tantancewa, ko gasa ce ko zaɓen ƙungiyar da za a ɗauka aiki. A nan ne za ka ga gwanaye biyu, kowanne in shi kaɗai yake wasa sai ka saki baki, sun fito tare sun sha kaye a hannun yaran da ba su kai su iya sanda ba. Yaran kunnensu ɗaya, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta ɓaci, shi ke nan sirrin. Ga mai horarwa da ke son ya kai 'yan koyo biyu wannan matsayi, ga yadda nake ganin ya kamata aikin ya tafi, a cikin kamar wata 6.

Mataki na farko: wa za a haɗa da wa

Kada ka ɗauko gwanayen ajinka biyu ka haɗa don kawai su ne gwanaye. Fara da jiki. Tsayinsu ya zo kusa, bambancin kada ya wuce taƙi guda, domin takun dogo ya fi na gajere faɗi, kuma sandarsa daidai goshin ɗan'uwansa take yawo. Duba hannun da kowanne yake aiki da shi. Bahago da mai dama suna haɗuwa, wasansu ma yakan yi kyau a ido, sai dai in suka fuskanci juna sandunansu a gefe ɗaya suke, sun fi saurin karo, don haka za su ci maka lokaci.

Sai hali. Masu son a gani guda biyu ba sa daɗewa tare, kowa yana neman ya rufe wani. Masu kunya biyu kuma sai a yi ta zagaye babu mai buɗe wasa. Abin da ya fi zama shi ne ɗaya mai zafin jini, ɗaya mai natsuwa. Wa da ƙane suna da sauƙi ta wani wajen, tunda gida ɗaya suke kwana, amma akwai abin lura: wan ba ya son a gyara masa a gaban ƙanensa, ƙanen kuma tarbiyya ta hana shi ƙura wa yayansa ido. Akwai maganin wannan, zan zo kansa.

Abin da mutane suka fi rainawa shi ne nisan gida da lokacin aiki. Tun da aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, irin su Sabil da Kandara da Karantina da Gulail, iyalan da suka yi shekaru ƙofa da ƙofa suka watse, wani arewa wani kudu. Yara biyun da suke sauka daga bene su tarar da juna, yau sai an shiga mota. In ɗaya ba shi da abin hawa, ko yana aikin dare, ko kuwa lokacin aikin Hajji da Umarar azumi ɓacewa yake gaba ɗaya, ka sani tun yanzu ka tsara da shi. Ka ba su wata guda na gwaji, ka kuma faɗa musu a fili cewa gwaji ne, don in an raba su kada wani ya ɗauka korarsa aka yi.

In yaran ba su kai shekara 18 ba, je ka gaida iyayensu da ƙafarka. Dattawa da yawa ba su manta zamanin da mizmar yake ƙarewa da faɗan unguwa da unguwa ba, ana fasa kai da sanda, shi ya sa in sun ji sunansa suke tsuke fuska. Ka faɗi magana a sarari: "Baba Alhaji, izini na zo nema a kan yaron nan. Wasa ne na tsari, bayan Isha muke farawa, ƙarfe 11 yana gida, babu kuma dukan juna a ciki." In ya ce maka, "To Malam, amana ce na ba ka," ka riƙe lokacin da ka ambata ko da wasa ya yi daɗi.

Mataki na biyu: kunne

Mako 3 na farko babu wanda zai taɓa sanda. A sahu za su tsaya, kafaɗa da kafaɗa, suna tafi suna amsa zomal, wato waƙar da sahu biyu suke jefa wa juna. Za su ji haushi, musamman wanda ya riga ya iya juya sanda a gida. Bar shi ya ji.

Babu busa a wannan wasa, ganga ce da tafi da murya, don haka wanda bai rarrabe gangunan ba a makance yake rawa. Zaunar da su kusa da makaɗa, ka sa a buga kowace ita kaɗai. Su ji ulba mai nauyin murya, wadda take riƙe da gindin kiɗan. Su ji nagrazan, wanda ake bugawa da siraran sanduna biyu, mai kaifin sauti, yana ado a sama. Kuskuren ɗan koyo kusan kullum ɗaya ne: nagrazan ya fi shiga kunne, sai ƙafarsa ta bi shi, ya yi ta sauri har ya tsere wa kiɗa. Ƙafa ulba take bi. Hannu da sanda su ne suke da damar yin wasa da nagrazan, shi ma sai daga baya.

Ga gwajin da zai nuna maka sun shirya. Su juya wa juna baya, kiɗa yana tafiya suna tafi. Ɗaga hannu makaɗa su tsaya cak, su kuma su ci gaba da tafi ba kiɗa har ka ƙirga 16, sannan makaɗa su dawo a kan saurin da suka bari. In tafinsu ya faɗa daidai kan ganga, kuma ya fita kamar na mutum ɗaya, a wuce gaba. In ɗaya ya riga, a sake. Ranar da babu makaɗa, ɗauki sautin ƙungiyarku a waya ku yi aiki da shi, ya fi ka saukar da na wata ƙungiya daga YouTube, don kowane makaɗi da irin hannunsa.

Mataki na uku: ƙafa da da'ira

Zana da'ira da alli a ƙasa, ka ajiye wani abu a tsakiya a madadin wutar da ake hurawa a tsakiyar filin mizmar, ko bokiti ne. Su tsaya ɗaya nan ɗaya can, abin yana tsakaninsu, su fara zagaye da taku kaɗai, hannu a sake. Sharaɗin ɗaya ne: kowane lokaci in ka ja layi daga ƙirjin wannan zuwa na wancan, ya bi ta kan bokitin. Da zarar ɗaya ya fara kamo ɗaya, layin ya karkace, ka tsayar.

Gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyi a gaban tafin ƙafa, baya a miƙe, haɓa ba ta kallon ƙasa. A zagaya ta dama, a zagaya ta hagu, lokaci ɗaya ga kowanne, saboda kowa yana da gefen da ya fi masa daɗi, in ka ƙyale shi ɗaya gefen zai mutu. Juyi a wuri ɗaya kuma, maganin jirinsa shi ne ido ya kama abu guda, jiki ya fara juyawa, kai ya biyo a ƙarshe da sauri ya sake kama abin. Abin da za a kama shi ne abokin wasa. A nan ne ƙanen da ba ya iya kallon idon yayansa yake samun mafita: ya kalli tsakiyar ƙirjinsa. Hasali ma ƙirjin ya fi ido amfani, domin daga nan ake fara ganin inda mutum zai nufa kafin ƙafarsa ta motsa. A fara da juyi 2, a huta, a ƙara sannu a hankali. Wanda jiri bai sake shi ba bayan makonni, ko yake jin kunnensa na toshewa, a kai shi likita ya duba.

Mataki na huɗu: sanda

Sandar mizmar, wadda mutanen Hijaz suke kira shun, doguwa ce mai nauyi, ba da ita ake farawa ba. Sandar tsintsiya ko bututun roba mara nauyi ya isa a makonnin farko. In an zo ga ta gaske, ga ɗan koyo kada ta wuce kafaɗarsa in ya kafa ta a ƙasa, kuma na mutum biyun su zama tsayi ɗaya, nauyi ɗaya. Sanda mai nauyi a hankali take juyawa, mara nauyi da sauri, ko hannuwansu sun daidaita ido zai ga saɓani. Kafin kowane atisaye a shafa ta daga sama har ƙasa a nemi tsagewa, a goge bakinta da samfefa. Kowa ya yi wa tasa alama a daidai inda take daidaita a kan yatsa.

Minti 10 na ɗumama wuyan hannu da kafaɗa wajibi ne, ba a tsallake shi ko an makara. Sannan salo 3 kacal za ka koya musu: juyi a gefe, juyi a saman kai, da miƙa sanda daga hannu zuwa hannu. A tsaye tukuna, sai ana tafiya, sai ana zagaye. Za su kawo maka salon da suka gani a TikTok, na jefa sanda sama a cafe ta baya. Ka ce musu yana nan tafe, ka ajiye shi. Ciwon wuyan hannu da ya kwana 3 bai tafi ba a dakatar da sanda, a koma aikin ƙafa.

Wasan karo da sanduna, irin na mazan da, ba na 'yan koyo ba ne, ba kuma na dandamali ba ne. Ka yi wa mahaifinsu alkawari, ka cika.

Mataki na biyar: tazara, da wanda ke ja da wanda ke bi

Nan ne aikin yake, nan kuma za ka kashe rabin watannin da kake da su.

Fara da awo. Kowanne ya miƙa hannu da sandarsa zuwa ga ɗan'uwansa, riƙon da yake yi in yana juyi. Inda bakin sandunan suka kusa haɗuwa, saura kamar taƙi, ita ce tazarar aminci. Yi mata alama a ƙasa. Akwai kuma tazara ta biyu, ta kusa, inda sandunan suke shiga filin juna, ba abin da ke hana su karo sai lokaci: ta wannan tana sama, ta wancan tana ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya san abin da nake nufi, taɓarya tana fita wata tana shiga, ba wadda take duban hannun 'yar'uwarta. Masu kallo tazarar kusa ce take sa su ihu, alƙali kuwa yana lura da yadda aka shige ta da yadda aka fita.

Ka koyar da shigarta da ƙirga, a rabin saurin kiɗa, da sandunan roba. Taku 4 a shiga, juyi 4 a ciki, taku 4 a fita. Sai an yi sau 10 a jere ba karo sannan a ƙara sauri kaɗan. In an yi karo a na 9, ƙirga ya koma farko. Yara suna ƙin wannan doka, ita ce kuma take hana zubar jini.

Dole a san mai ja. A kowane sashe na wasan mutum ɗaya ne yake yanke shawarar yaushe za a juya, yaushe za a matso, ɗayan ya amsa. Alamar kada ta zama magana ko ɗaga gira, don a cikin ƙarar ganguna da hasken fitila duk ɓacewa suke. Ta zama a jiki: saukar da kafaɗa, ko ɗan nitsewa a gwiwa bugu ɗaya kafin motsi. Mai ja ya ba da alama da wuri kuma a sarari. Mai bi kuma kada ya yi hasashe. Wannan shi ne ciwon masu kaifin ƙwaƙwalwa: ya haddace tsarin, sai ya riga alama, ranar da mai ja ya sauya abu saboda fili ya ƙuntata sai a yi karo. Maganinsa ka raɗa wa mai ja a kunne ya sauya jerin ba tare da sanin ɗayan ba, a yi ta yi har mai bi ya daina dogara da hadda ya koma kallo.

Sannan a yi musaya. Wanda ya saba ja ya koma bi na mako guda cur. Yawanci a wannan makon ne mai zafin jinin yake gane alamunsa ba sa fita, mai natsuwar kuma ya gane yana iya buɗe wasa. A dandamali ina son a raba: ɗaya ya ja rabin farko, ɗaya ya ja na biyu, yadda mai kallo ba zai iya nuna wane ne babba ba.

Abu na ƙarshe a nan shi ne faɗuwar sanda. Za ta faɗi, ko yau ko ranar gasa. A yi atisayenta da gangan: ka tafa hannu, ɗaya ya saki tasa. Abokinsa ya buɗe zuwa tazarar aminci, ya ci gaba da juyi a saman kai don ido ya koma kansa, shi kuma ya ɗauka a kan bugun ganga, ba da rawar jiki ba, ya shigo a farkon jimlar kiɗa ta gaba.

Mataki na shida: aro ma'auni daga masu gasar ƙasashen waje

Turawa sun daɗe suna auna rawar mutum biyu da maki. Gasar garin Bilakful a Ingila tun 1920 ake yin ta. Tarayyar rawar gasa ta duniya, WDSF, an kafa ta a 1957, hedkwatarta tana Lozan a Suwizalan, kuma kwamitin Olamfik ya amince da ita a 1997. Rawarsu ta mace da namiji ce riƙe da juna, ba tamu ba ce, ba kuma ita nake cewa a kwaikwaya ba. Ma'auninsu nake so. A manyan gasanninsu abu 4 alƙalai suke ba maki: ingancin motsi, wato tsayuwa da daidaito da aikin ƙafa, tafiya da kiɗa, iya abota tsakanin biyun, sai tsarin wasa da yadda aka gabatar da shi. Ka lura, yawan salo ba shi da gurbin kansa. A ƙananan azuzuwansu ma an ƙayyade wa 'yan koyo takun da za su yi, wanda ya ƙetare ya jawo wa kansa hukunci.

Kowace rawa a wurinsu minti ɗaya da rabi ce zuwa 2, kuma a zagayen farko ana zuba 'yan rawa biyu-biyu da yawa a fili lokaci guda, har a tace a kai 6 na ƙarshe. Yi lissafi: in biyu-biyu 12 ne a fili na daƙiƙa 90, kowanne bai samu daƙiƙa 8 na idon alƙali ba. Shi ya sa suke horar da tsayuwa fiye da komai, don duk lokacin da ido ya faɗo kanka ya same ka a shirye. Mu a mizmar biyu ɗaya ne a fili, ido ba ya barinka ko na ƙiftawa, wato babu inda za ka ɓoye gajiya.

Rubuta abubuwan nan 4 a takarda, kowanne maki 10. Sau ɗaya a wata ka gayyato mutum 3 su zauna a matsayin alƙalai: wani dattijo da ya yi wasan a zamaninsa, makaɗi daga wata ƙungiya, da wanda bai san komai a kai ba. Kada su yi shawara da juna. Dattijon zai kama maka ladabin fili, makaɗin zai kama kunne, na ukun kuma zai faɗa maka daidai inda hankalinsa ya tafi kan wayarsa.

Mataki na bakwai: gina wasan da za a fita da shi

Nemi ƙa'idar masu shirya taron a rubuce: minti nawa, faɗin dandamali, makaɗanku ne ko nasu, an yarda da wuta ko a'a. A rufaffen zaure kada ka sa rai da wuta. Ka tuna kuma amfaninta ba ado kaɗai ba ne, da ita ake gasa fatar ganga ta ɗaure, to makaɗa su tanadi wata hanyar, musamman a zaure mai sanyin na'ura ko a damshin Jidda.

Wasan minti 2 ya ishe shi gaɓa 5: shiga da gaisuwa, zagaye a tazarar aminci, shiga ta kusa, ƙololuwa, fita. Salon da ya fi wuya a sa shi wajen kashi biyu cikin uku na lokacin, kafin hannu ya mutu. Shiga da fita a ba su haƙƙinsu. A al'adar fili ba a faɗa wa wasan wani kafin ya gama, ba a kuma fita a juya wa manya da makaɗa baya kamar an yi fushi. Alƙalin da ya tashi a cikin wasan nan yana ganin wannan tun kafin sanda ta juya sau ɗaya.

Numfashi kuma, wanda zai yi minti 2 a dandamali ya iya 3 a atisaye. A yi wasan cikakke, a huta minti 2, a sake, har sau 4. Atisaye 3 a mako, kowanne awa ɗaya da kwata, ya wadatar. Zafin Makka da bazara yana haura digiri 40, don haka bayan Isha ne lokaci, da ruwa a gefe ana kurɓa tun kafin ƙishi ya zo. Da azumi a rage nauyi, a koma aikin kunne da kallon bidiyo.

Bidiyon ma da yadda ake kallonsa. Kafa waya wuri ɗaya, daga nesa, yadda za ta ɗauki su biyun har ƙafa. Kallo na farko a kashe sauti, a duba tazara da tsayin sanduna kawai. Na biyu a rufe rabin fuskar wayar da hannu, a ga ƙafafu kaɗai tare da kiɗa. Kowa ya fara faɗin nasa kuskuren kafin ya taɓa na ɗan'uwansa, kuma gyara ɗaya tak za a fita da shi zuwa atisaye na gaba.

Saɓani da kuɗi

Wajen wata na 3 ko na 4 za su yi faɗa. Alamarsa "ai shi ne yake riga ni." Kada ka yanke hukunci a gaban sahu. Ka ware su gefe: "Samari, ku zo nan. Kai me ka gani? Kai fa?" Sau da yawa bidiyo yana raba gardamar ba sai ka ce komai ba. Doka ta dindindin: a fili mai horarwa kaɗai yake gyara.

Maganar kuɗi a gama ta tun ba a samu ko riyal ɗaya ba. Kuɗin hayar istiraha, wato gidan shaƙatawar da ake atisaye a ciki, da ɗinki, da mota, wa zai biya? In an samu kyauta ko ladan biki, nawa ne na makaɗa da 'yan sahu? Biyun tsakiya su ake ɗauka hoto, amma ba su da wasa in babu masu tafi. A rubuta a aika a zauren WhatsApp na ƙungiya kowa ya gani.

Mako biyun ƙarshe da ranar fita

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga saura mako 2 an rufe ƙofar sabon salo. Duk atisaye a yi shi da cikakkiyar shiga: farar riga, falmaran, ɗamara, da rawanin gabana. Hannun riga mai faɗi yana kama sanda, rawanin da ba a naɗa da kyau ba a juyi na 3 yake warwarewa, riga mai tsawo kuma tana shiga ƙarƙashin diddige. Gara a gano su a istiraha. A gwada ƙasa iri-iri, yashi da tayil da kafet da katako, domin wanda ya saba juyi a yashi in ya hau kafet ƙafarsa kamewa take, gwiwa ta ɗauki murɗar. In an samu dama a taka ainihin dandamalin kafin ranar, a auna shi da taku, a san inda fitila take dukan ido.

Kwana 2 kafin fita a sassauta. Ranar kuma abinci mai nauyi ya kasance awa 3 kafin wasa, tsire da shinkafar biki su jira a sauko. A zo da sanda ta uku. A ɗumama jiki minti 20 kafin kira, su biyun tare, su yi tafin nan na juya baya ko sau ɗaya ne don kunnuwansu su haɗu. Kai kuma Malam, a bakin dandamali kada ka cika su da gargaɗi. Kalma ɗaya ga kowanne ta isa, wadda ya riga ya saba ji daga bakinka.

Bayan an sauko

A daren ba a bita, ko an ci ko an faɗi. Bayan kwana 2 a zauna da bidiyo, da takardar maki in masu gasar suna bayarwa. In ba sa bayarwa, ka je da ladabi ka tambayi ɗaya daga cikin alƙalan abu guda da zai so ya ga an gyara. Ka kwatanta da makin alƙalanka na gida. Inda duka suka haɗu a kan rauni ɗaya, shi ne aikin wata 2 masu zuwa, sabon salo kuma guda ɗaya za a ƙara, wanda aka ajiye musu tun mataki na huɗu.

Kada a raba biyu saboda faɗuwa ɗaya, sai sun fita tare aƙalla sau 3 sannan za ka san abin da kake da shi. Dalilan rabuwa na gaskiya kaɗan ne: ɗaya ya yi tsawo ya bar ɗaya, abin da yake yawan faruwa tsakanin shekara 13 da 16; ko aiki da karatu sun hana haɗuwa; ko ɗaya ya fara tsoron sandar ɗan'uwansa, yana runtse ido in an shiga tazarar kusa, an kuma koma sandar roba wata guda abin bai bari ba. In haka ta faru ka sanar da iyayen kafin yaran su ji a bakin wani, ka haɗa kowanne da sabon aboki a mako ɗaya, sabbin biyun kuma su koma sahun tafi na mako 3 ko da duk sun iya.